Na bar dayazifam, ko kwalba ɗaya a bikin ƙanena za ta dawo da ni baya?

Ɗan Bukuru:
Barkanmu da dare 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a zauren nan, yau ne na ce bari in kawo tawa. Ni direba ne. Bayan wani haɗari da na yi a hanyar Akwanga, barci ya ƙaurace mini, da na rufe ido sai in ga motar tana juyawa. Likita ya rubuta mini dayazifam mai miligiram 5, ya ce na sati biyu ne. Da ya ƙare sai na ci gaba da saye a kemis, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Haka na shafe sama da shekara uku, har na kai guda huɗu a rana. Wani likita a Jos ne ya yi ta rage mini kaɗan-kaɗan, muka ɗauki kusan shekara kafin na rabu da shi. Yanzu wajen wata takwas ke nan ko ɓari ban saka a bakina ba. Barcina ya dawo, ba kamar da ba, amma na gode Allah.

Ga tambayata. Ni Kirista ne, kuma kafin wannan abin nakan sha kwalba ɗaya ko biyu ranar Asabar. Tun da na fara rage ƙwayar na daina. A Disamba ƙanena zai yi aure a ƙauye, ni ne babban wa, a wurin baba nake. Za a dafa burkutu, za a kawo giyar kwalba, kuma tsofaffi za su miƙo mini ƙwarya. Akwai wanda ya taɓa sha bayan ya bar irin wannan magani? Me ya faru da shi? Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya.

Abban Walid:
Giya uwar laifuka ce. Allah ya raba ka da wata masifa kana neman hanyar shiga wata? Ka bar ta kawai, babu wata muhawara a nan.

Uwar Zaure:
Abban Walid, a yi haƙuri. Zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, kuma dokarmu tun farko ita ce duk wanda ya kawo tambaya a ba shi amsar abin da ya tambaya. Bawan Allah ya tambayi abin da zai faru da jikinsa. Wanda ke da masaniya bismillah.

Tela:
Yayana, ni na gwada, kuma zan gaya maka yadda aka yi. Lexotan na sha, ba dayazifam ba, amma likita ya ce dangi ɗaya ne. Ina cikin wata na shida da bari aka yi sunan ɗan abokina, na sha kwalba ɗaya da rabi. A daren nan na ji daɗin da na manta akwai irinsa a duniya. Kafaɗuna suka sauka, ƙirjina ya buɗe, na yi hira na yi dariya. Na kwanta barci ya ɗauke ni nan take.

Wajen ƙarfe uku na dare na farka zumbur, zuciyata na dukan uku-uku, zanen gado ya jiƙe sharkaf da gumi. Kunnena ya dawo da ƙarar nan "ziiii" da na yi wata biyu ban ji ba. Da safe na zauna a kan keke na kasa zura zare a allura, hannuna na rawa, sai yarona ne ya zura mini. Ba kwana ɗaya abin ya yi ba, na fi sati uku kafin na koma yadda nake. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a kwana na biyu na tsinci kaina a tsaye a ƙofar kemis ɗin da na saba saye. Ban shiga ba, amma ƙafata ta kai ni.

Tsohon Soja:
To ni kuma tawa daban ce. Na sha Valium, wato dayazifam ɗin nan dai, bayan na dawo daga aiki a arewa maso gabas, na bari, na yi shekara biyu ban taɓa komai ba. Yanzu nakan sha kwalba ɗaya in mun haɗu da abokan aiki a mami, kasuwar bariki, kuma lafiyata ƙalau. Kada mu tsorata yaron nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, na sani, amma ba kowa ne jikinsa ɗaya da na Tela ba.

Tela:
Baba Soja, kai shekara biyu ka ce. Shi wata takwas. Kuma wata nawa ka yi kana shan Valium ɗin?

Tsohon Soja:
Bai kai shekara ba. Kamar wata bakwai, guda ɗaya da dare.

Tela:
To ka gani. Shi shekara uku, guda huɗu a rana.

Mai Haɗa Magani:
Salamu alaikum. Aikina ke nan, don haka bari in ɗan tsawaita. Labarin Tela da na Baba Soja duka gaskiya ne, ba wanda ya ƙaryata wani.

Dayazifam, Lexotan, Xanax, Ativan da Rohypnol da yara ke kira roci, duk gida ɗaya ne, ana ce musu benzodayazifin. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna GABA, aikinsa kwantar da jijiyoyi. Akwai kuma gulutamet, shi aikinsa zaburarwa. Tunda kai direba ne, Ɗan Bukuru, ka ɗauki GABA a matsayin birki, gulutamet a matsayin totur. Ƙwayar ƙara wa birki ƙarfi take yi. In aka daɗe ana haka, ƙwaƙwalwa sai ta rage ƙarfin nata birkin ta ƙara totur don ta daidaita. Ranar da ka cire ƙwayar, ga totur a danne ga birki ya yi sanyi. Rashin barcin, fargabar, rawar hannun, ƙarar kunnen, daga nan suke.

Ita barasa a wannan wurin dai take aiki, wurin da GABA ke sauka, sannan kuma tana danne gulutamet. Shi ya sa Tela ya ji kamar an sauke masa kaya. Jikinsa ya samu abin da ya yi kama da wanda ya rasa. Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wannan: in aka kwantar da mashayin giya a asibiti ana so a raba shi da ita, dayazifam ko ɗan'uwansa Librium ake ba shi don kada ya yi jijjiga. Ɗaya na tsaya wa ɗaya. To in ƙwaya na iya maye gurbin giya, giya ma na iya maye gurbin ƙwaya.

Sai maganar farkawar ƙarfe uku. In hanta ta gama ƙone barasar, gulutamet da aka danne sai ya taso da ƙarfi. Ko wanda bai taɓa shan ƙwaya ba yakan samu haka, barcin farkon dare mai nauyi, na ƙarshen dare a yayyage. Wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta gama daidaita ba kuwa, abin ya fi yi masa tsanani, kuma yakan daɗe.

Ɗan Bukuru:
Na gode ƙwarai. Amma akwai abin da ban gane ba. Likitana ya ce maganin ya riga ya fita daga jinina tuntuni. In ya fita, me giyar za ta haɗu da shi?

Mai Haɗa Magani:
Likitanka ya faɗi daidai, sai dai abu biyu ne a nan, kada a haɗa su. Dayazifam na daga cikin masu daɗewa a jiki. Kafin rabinsa ya fita yakan ɗauki awa 20 zuwa 100, kuma abin da hanta ke juya shi ya koma yana iya kai awa 200. Don haka wanda ya bari satin jiya, har yanzu akwai saura a jininsa, in ya sha giya tamkar ya haɗa su ne. Wannan haɗin shi ke danne numfashi mutum ya kwanta bai tashi ba, musamman in akwai tiramadol ko kodin a ciki. Kai ka wuce wannan matakin. Cikin 'yan makonni jini ke wankewa.

Na biyun shi ne komawar ƙwaƙwalwa yadda take, kuma wannan ba ya bin lissafin jini. Wani wata uku ya warware, wani shekara, wani ya fi. Ya danganta da tsawon shan, yawan abin da aka sha, da yadda aka bari. Ka ce da bakinka barcinka ya dawo amma ba kamar da ba. Ni wannan maganar na riƙe. Jikinka na gaya maka aikin bai kammala ba.

Kuma ina so mu duba abin da muke kira kwalba ɗaya. Babbar kwalbar da ake sayarwa a nan santilita 60 ce, barasar cikinta wajen kashi 5 cikin ɗari. Wannan kusan giram 24 ne na zallar barasa, hanta za ta yi wajen awa uku tana fama da shi. A lissafin likitoci kwalba ɗayan nan ta fi ma'aunin giya guda biyu. Burkutu kuwa ba mai iya gaya maka ƙarfinsa, na safe daban, wanda ya kwana daban, kuma ƙwarya ba ta da ma'auni.

Nas Bintu:
Gaisuwa daga Ingila. Ina so in kawo wani ɓangare don a yi adalci. Akwai wata farfesa a Newcastle, Heather Ashton, ta gudanar da asibitin masu barin wannan magani daga 1982 zuwa 1994, kuma jagorar da ta rubuta ita ce mutane da yawa a duniya ke bi wajen ragewa a hankali. Ita ba ta haramta giya gaba ɗaya ba. Ta ce ɗan kaɗan ba laifi ga mai bari, amma ta ja kunne sosai kada mutum ya riƙa ƙara giya yayin da yake rage ƙwaya. Na kawo wannan ne don kada mu ce duk masana sun yi ittifaƙi a kan ko ɗigo. Amma ni da na yi jinyar irin waɗannan mutane, in ɗan'uwana ne zan ce ya jira. Mutane da yawa da suka bari suna ba da labari irin na Tela, kuma babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna maka tun kafin ka sha ko kai Tela ne ko Baba Soja.

Mai Haɗa Magani:
Haka ne Anti Bintu. Sai dai ƙaramin kofi a kan teburin cin abinci daban yake da bikin ƙauye na kwana uku, inda duk wanda ya zo gaishe ka da tasa ƙwaryar. Kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Wannan ga kowa ne ma, balle mai murmurewa.

Tsohon Soja:
Ni dai ban yarda a mayar da mutum majinyaci har ƙarshen rayuwarsa ba. Wata rana dole ya zauna cikin mutane.

Nas Bintu:
Baba, ba wanda ya ce har ƙarshen rayuwa. Disamban bana ake magana.

Maman Joy:
Ban saba rubutu a nan ba, don mijina na shigo zauren. Ɗan Bukuru, ka ji daga bakin matar da ke zaune da abin.

Maigidana ya bar ƙwayar barci, muka yi murna, har godiya muka yi a coci. Bayan 'yan watanni ya ce kwalba ɗaya da dare tana taimaka masa ya yi barci, kuma ai ba ƙwaya ba ce. Ni ma na ga kamar haka ne, tunda ba daga kemis ta fito ba. Ba a yi wata uku ba ɗaya ta daina isarsa. Daga baya ya ga kwalba na da tsada kuma ana gani, sai ya koma 'yan ƙananan ledojin giyar nan masu zafi. Ina wanki ina zaro su daga aljihun wandonsa, a cikin takalmi, a bayan tankin banɗaki. Mutumin da bai taɓa yi wa yara tsawa ba ya koma da sun ji ƙarar babur ɗinsa sai su shige ɗaki. An gudu ba a tsira ba.

Shi ba don biki ya fara ba, don barci ne. Abin da nake so ka tambayi kanka ke nan. In ka sha ranar bikin ka yi barcin da ka yi shekaru ba ka yi irinsa ba, washegari da dare in barci ya ƙi zuwa, me zuciyarka za ta raya maka? Yanzu ba ka san wannan hanyar ba. In ka sha ka san ta.

Ɗan Bukuru:
Maman Joy, maganarki ta shige ni. Yaya maigidan yanzu?

Maman Joy:
Yana ganin likita, yau da sauƙi gobe babu. Ku sa mu a addu'a.

Abban Walid:
Allah ya ba shi lafiya. Uwar Zaure, na ji gyaranki. Amma ku duba, duk bayanin da masana suka yi a nan ya dawo kan abin da na faɗa tun farko. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yin magani da giya, ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce. Kuma ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ga Musulmin da ke karantawa, wannan ya isa.

Malamin Islamiyya:
Hadisan da ka kawo haka suke, Abban Walid, kuma hukuncin a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a zauren nan akwai Musulmi da ke sha a ɓoye, kuma sun san hukuncin sarai, ba jahilci ne ya kai su ba. Da yawansu ƙwaya suka bari, dare ya yi musu tsawo, suka rasa wanda za su gaya wa. In duk wanda ya buɗe baki muka rufe shi da wa'azi, zai yi shiru ya ci gaba. A Bukhari akwai mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ina roƙon duk mai irin wannan hali ya yi magana, ba za mu tozarta shi ba.

Baƙo:
Malam, kamar da ni kake. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Roci na sha shekara biyu, har sai da mahaifiyata ta ga harshena ya yi shuɗi ta gane. Na yi mata alƙawari na bari lokaci ɗaya, na sha wuya kamar zan mutu. Da na kasa barci wani abokina ya kawo mini leda. Yanzu wata biyar kullum sai na sha, biyar ko shida a dare, kwanan nan har da safe don in ban sha ba hannuna rawa yake yi in kasa riƙe kofin shayi. Ina sallah, ina jin kunyar Allah. Bayan na karanta maganar Maman Joy na yanke shawara daga gobe ko ɗigo ba zan ƙara ba.

Mai Haɗa Magani:
Baƙo, tsaya. Don Allah karanta wannan da kyau kafin gobe. Niyyarka mai kyau ce, amma KADA ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Rawar hannun safe da ke lafawa in ka sha alama ce jikinka ya riga ya dogara da barasar. Mai irin wannan hali in ya tsaya kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da gumi da amai ke farawa, a kwana biyun farko yana iya faɗuwa yana jijjiga irin ta farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan rikice, zazzaɓi, gane-gane, ba su san inda suke ba. Wannan na ƙarshen yana kisa in ba a asibiti ba. Kuma kai ka taɓa yanke roci lokaci ɗaya. Duk sa'ad da ƙwaƙwalwa ta sha irin wannan girgiza, ta gaba takan fi ta baya muni.

Abin da za ka yi shi ne gobe da safe ka je asibiti ka faɗi komai, rocin da ledar da adadinsu, kada ka rage. Akwai sashen masu wannan matsala a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, akwai kuma Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano a Kano. Wataƙila su ba ka dayazifam na 'yan kwanaki suna ragewa, da sinadarin bitamin B1. Kada wannan ya tsorata ka, kuma kada ka ce za ka saya a kemis ka yi da kanka. A hannunsu, da ma'auni, ga wanda ke duba ka, shi ne bambancin.

Baƙo:
Asibitin mahaukata fa ke nan. In wani ya gan ni?

Nas Bintu:
Ƙanena, layin da za ka tsaya akwai malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan aure masu fama da rashin barci. Binciken da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ma'aikatan ba yau suka fara jin irin labarinka ba. Abin da ka faɗa wa likita sirri ne.

Malamin Islamiyya:
Baƙo, neman magani ba ya warware tubarka, cikinta yake. Ka je. In kana tsoron zuwa kai kaɗai, faɗi garin da kake ta saƙon sirri ga Uwar Zaure.

Abban Walid:
In a Kano yake ni zan kai shi da motata, kuma ba zan tambaye shi komai a hanya ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya saka muku. Ni tambaya ce da ni ga mai magani. Ban taɓa shan giya ba a rayuwata, amma bayan na bar Lexotan wata maƙwabciyata ta ba ni maganin gargajiya na kwalba mai ɗaci, wai na basir da ciwon baya. Duk ranar da na sha sai in ji jikina ya mutu, washegari kuma fargaba ta tashi. Akwai alaƙa?

Mai Haɗa Magani:
Hajiya, juya kwalbar ki karanta bayanta. Da yawa daga cikin masu ɗacin nan da barasa ake jiƙa saiwoyin, wasu ƙarfinsu ya ninka na giyar kwalba sau da yawa. In an rubuta kashi kaza cikin ɗari, barasa ce. In babu rubutu sam, ki ajiye shi. Haka wasu magungunan tari na ruwa. Duk wanda ya bar wannan ƙwaya ya riƙa gaya wa mai ba shi magani, ko na mura ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi. Na duba, an rubuta. Yanzu zan zubar.

Ɗan Bukuru:
Na karanta komai, wasu sau biyu. Gaskiya da na rubuto, so nake wani ya ce mini ba komai, kuma da Baba Soja ya faɗa na ji daɗi. Amma tambayar Maman Joy na kasa amsa ta. Na san kaina da dare. Ba zan sha ba a bikin nan. Matsalar da ta rage ita ce tsofaffi. A wurinmu in kawu ya miƙo maka ƙwarya ka ƙi, kamar ka ƙi shi ne. Kuma ba na son duk ƙauye su san na yi fama da ƙwaya.

Tsohon Soja:
Tunda ka yanke, ka yanke, ban ja da kai ba. A kan tsofaffi kuwa ga dabara. Kai direba ne. Ka karɓi makullin motar amarya tun ranar farko, ka ce kai ke jigilar baƙi. Ba dattijon da zai matsa wa mai tuƙa 'ya'yansa ya sha.

Tela:
Kuma kada hannunka ya zauna babu komai. Maltina ko kunu ko zoɓo, ka riƙe shi ko ka ƙoshi. Hannu wofi ake miƙa wa.

Maman Joy:
Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je wurin babban kawunku tun kafin biki, kai da shi, ka ce likita ya hana ka saboda lafiyarka. Ba ƙarya ka yi ba, kuma ba sai ka ambaci ƙwaya ba. In shi ya sani, shi zai kare ka a gaban sauran. Matarka ma ta sani, ta riƙa lura da kai da dare, don bayan an watse ne abin ke da wuya, lokacin da ka gaji ga hayaniya a kai ga barci ya ƙi.

Mai Haɗa Magani:
Ƙari ɗaya. Kwana uku na kiɗa da rashin barci da tuƙi kaɗai na iya tayar maka da wasu alamun ko ba ka sha komai ba. In haka ta faru kada ka ɗauka ka koma baya ne, kuma kada ka karɓi ƙwayar barci daga hannun kowa, ko guda ɗaya. Ka nemi ɗaki nesa da wurin kiɗa, ka rage shayi da kofi da lemon ƙara kuzari daga la'asar. In kana da ranar ganin likitanka kafin Disamba, ka gaya masa zancen bikin. Maganar ko za ka sha nan gaba kuma, da shi za ku yi ta, bayan barcinka ya zauna sosai na tsawon lokaci.

Ɗan Bukuru:
Ina da ranar ganinsa a ƙarshen Nuwamba, zan faɗa masa. Kawu kuma zan je wurinsa ranar Lahadi bayan sujada. Na gode muku duka. Baƙo, yaya ake ciki?

Uwar Zaure:
Ya turo mini saƙo. Ba a Kano yake ba, a Zariya yake, kuma ya yarda zai je Barnawa. Abban Walid, mun gode da tayin. Akwai wani ɗan zauren a Kaduna da zai tarye shi a tashar Kawo da ƙarfe takwas. Mai Haɗa Magani, yana tambaya ko ya zo da ledojin da suka rage masa ko ya zubar.

Mai Haɗa Magani:
Ya zo da ɗaya ko da babu komai a ciki, likita ya ga irinta da ƙarfinta. Ya rubuta a takarda nawa yake sha a rana da lokacin da ya sha na ƙarshe, don shi za su fara tambaya. Ya ci abinci kafin ya fito, kuma kada ya hau babur da kansa. In cikin dare ya fara ganin abin da babu, ko jikinsa ya ɗauki jijjiga, kada a jira safiya, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.